Mitin Ɗinmu Na Litinin Ya Gagare Ni

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a wani kamfani da ke sayar da takin zamani da iri da maganin feshi a nan Kaduna. Shekaruna 31. Wata biyu da suka wuce Oga ya ɗora mini jagorancin mitin ɗin da muke yi kowace Litinin, mu 14. An ce ƙarfe tara, amma ba a farawa sai goma ta gota, kuma kiran sallar azahar ne ke tashinmu. Karanta minit ɗin zaman baya kaɗai yana cin rabin awa. Akwai Baba mai kula da sito, sa'an mahaifina ne, tun kafa kamfanin yake nan. In ya karɓi magana sai ya kai mu shekarun baya, ni kuma nauyinsa nake ji, ba na iya katse shi. Yaran da ke zagaya ƙauyuka da direbobi ba sa cewa uffan, sai an fito su yi ta gunaguni a bakin get. Oga kuma yakan shigo ana tsaka da magana, a koma farko saboda shi, wani lokaci ya rushe abin da aka tsayar. Makon jiya mun yi kusan awa guda a kan launin rigar da za a ɗinka wa ma'aikata, amma maganar tirelolin da za su kai takin kamfa Saminaka da Soba sau uku ana ɗage ta, ga damina ta matso. In kaya suka makara ni za a tuhuma. Taron tsintsiya ba shara kawai muke yi. Na fara tunanin in roƙi Oga ya ba wani. Me kike gani?

Ƙanwarki, daga Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki mayar wa Oga kujerar nan, aƙalla ba yanzu ba. Wata biyu bai isa a ce abu ya gagari mutum ba, balle mitin da kika tarar da shi a haka, da mutanen da suka shekara suna zama a haka. Abin da na lura da shi a wasiƙarki, duk ƙoƙarinki kina yin sa ne a cikin ɗakin taro, bayan kowa ya gyara zama. A lokacin nan kam bakin alƙalami ya bushe. Ba za ki iya katse Baba a gaban yaran da ya haifi kamarsu ba, ba za ki iya ce wa mai kamfani ya makara ba, direba kuma ba a matsa masa ya yi magana a gaban manya. Amma kowannensu kina iya samunsa shi kaɗai ranar Laraba ko Alhamis. Yawancin aikin mai jagorantar mitin a can yake, kafin a zauna, sai ɗan abin da ya rage bayan an tashi.

Kafin komai, maganar tirelolin nan ba ta jiran Litinin. Gobe da safe ki kira mutum uku: akanta, da Baba, da wanda ke hulɗa da masu motoci. Ku zauna minti ashirin, ko a ofishinki ko a bakin sito. Kin fi ni sanin cewa manomin masara yana zuba kamfa ne a makonnin farko bayan shuka, yuriya ta biyo baya. Dilan Saminaka da ruwa ya zauna bai ga kayanku ba ba zai tsaya jiranku ba, wurin wani zai saya, kuma baɗi ma can zai koma. Ina kyautata zaton ba ƙurewar lokaci ce ta sa aka ɗage maganar har sau uku ba. An kawo ta ne hannu rabbana. Babu wanda ya zo da farashin masu motoci, babu wanda ya zo da adadin buhunan da ke sito, ba a san dila nawa ne suka ba da kafin alƙalami ba. Wa zai yarda ya ce a yi a kan tirela mai buhu 600 bai ga lissafi ba? Ɗagewa ta fi sauƙi, kuma a ranar ba a tuhumar kowa da ita. Saboda haka tun yau ki raba aikin: wannan ya kawo farashin masu mota biyu ko uku, Baba ya ƙirga abin da ke ƙasa, akanta ya fito da sunayen waɗanda suka biya. In kun zauna gobe, zaɓi kawai ya rage tsakanin abubuwan da ke kan takarda, ki kai wa Oga ya sa hannu.

Rigar kuwa kada ta ba ki mamaki. Tun 1957 wani masanin tarihi ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi wa kwamitoci shaguɓe da wani misali da ya ƙirƙira: kwamitin kuɗi ya amince da gina tashar nukiliya ta miliyoyi cikin minti biyu da rabi, ya yi minti 45 a kan rumfar ajiye kekunan ma'aikata, sannan ya kwashe fiye da awa guda a kan kuɗin gahawar da ake sha a taro. Nukiliya ta fi ƙarfin sanin kowa, sai kowa ya kama bakinsa kada ya ji kunya. Rumfa kuwa, kowa ya san kwano da ƙusa. Launin riga haka yake: kowa yana da ra'ayi, ba a asarar kwabo, kuma wanda ya tofa albarkacin bakinsa zai tashi yana jin ya yi aiki. Irin wannan batu ba a kawo shi gaban mutum 14. Ki ba mutum biyu, abin da suka zaɓa ya zauna.

Sai Oga. Da shi za ki fara, don in bai amince ba duk abin da kika gina Litinin ɗaya ta ishe shi rushewa. Kada ki je masa da ƙorafi, ki je masa da lissafi, tunda ɗan kasuwa ne. Daga tara zuwa ɗaya awa huɗu ke nan. Mutum 14 sau awa huɗu, awa 56. Ma'aikaci ɗaya da ke yin awa takwas a rana, kwana biyar, awa 40 yake yi a mako. Wato kowace Litinin yana biyan albashin fiye da mako guda na mutum ɗaya don a zauna, ban da man janareta, ban da motocin da ke fake direbobinsu na cikin ɗaki. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, ina so in dawo da zaman nan awa ɗaya, amma sai da goyon bayanka." Sannan ki tambaye shi wane lokaci ne ya fi masa sauƙin shigowa, ki ajiye batun da ke buƙatarsa daidai wannan lokacin. Ki nemi izininsa cewa in ya shigo za ki miƙa masa takardar abin da aka riga aka tsayar, a ci gaba daga inda ake. Ki kuma roƙe shi ya yanka muku iyaka: kashe kuɗi daga nawa zuwa nawa ne za ku iya yankewa ba sai yana nan ba.

Rushe abin da aka tsayar da yake yi, galibi ba mugunta ba ce. Mai kamfani ba ya son ya fara jin maganar kuɗinsa a bainar jama'a, a bakin ma'aikatansa, kamar an gama an kawo masa saura. Ki riƙa kai masa ajanda tun ranar Alhamis, ki nuna masa batu mafi nauyi, ki ji inda ya karkata. In kika ga ya riga ya yanke, to kada ki kawo batun a matsayin abin tattaunawa. Ki kawo shi a matsayin sanarwa, ki ce Oga ya tsayar da kaza, ga yadda za mu aiwatar. Babu abin da ke kashe wa ma'aikata gwiwa kamar a bar su su yi awa guda suna musu a kan abin da an riga an gama shi a sama. Sau biyu in aka yi musu haka, na uku shiru za su yi, kuma da gaskiyarsu.

Na ce Alhamis don Juma'a dama gajeruwar rana ce a garin nan, tun ma kafin gwamnatin jiha ta ce wa ma'aikatanta daga Disamba 2021 su riƙa yin aikin ranar daga gida. Abin da kika aika bayan an sauko daga masallaci, sai safiyar Litinin za a buɗe shi.

Ita ajandar, ki daina rubuta ta da kalma ɗaya-ɗaya. In kin rubuta "Sufuri", kin buɗe ƙofa ga duk wanda ya taɓa hawa mota. Ki rubuta tambayar da kike son a amsa: wane mai mota za mu ba jigilar kamfa zuwa Soba, kuma ran nawa za a yi lodi? A gefenta ki sa sunan wanda zai zo da bayani, da mintin da aka ware. Tambaya uku, in ta yi yawa huɗu, mai nauyi a sama, tun kai bai ɗau zafi ba. Duk abin da ba ya buƙatar a yanke wani abu, kamar sanar da cewa an canja lambar asusu ko wane ya tafi hutu, guruf ɗin WhatsApp ya ishe shi. In Alhamis ta yi kika duba babu tambayar da ke jiran amsa, ki aika cewa wannan makon babu zama. Ba za a kama ki ba.

Mutum 14 sun yi yawa ga yanke shawara, amma ki yi hattara a nan. A ofisoshinmu, cire mutum daga mitin tamkar rage masa girma ne, kuma zai riƙe ki da shi. Kada ki ce wa kowa ba a buƙatarsa. Ki raba zaman biyu. Na farko na kowa da kowa, minti goma sha biyar zuwa ashirin: wa zai je ina a makon nan, wace mota ce ke gareji, me ya ƙare a sito. Daga nan ki sallami direbobi da masu zuwa ƙauye da cewa kada rana ta yi musu a hanya, wanda gaskiya ne. Mutum biyar ko shida da batun ranar ya shafa su ci gaba minti 40. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Missouri ta Amurka aka wallafa a 1999, an gano cewa mitin ɗin da aka yi a zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin ɗari, kuma shawarar da aka yanke a zaunen ba ta fi kyau ba. Za ki iya yin zaman farkon a tsaye a farfajiya. Sai dai a fito wa Baba da kujera, da duk wanda ke da lalura. Masu binciken ba da dattijon Bahaushe suka gwada ba.

To, Baba. A nan ne nake so ki natsu, don nan ne mutane suka fi ɓata rawarsu da tsalle. Za a ba ki shawarar ki sa agogo, ki ce kowa minti biyu, in ya wuce ki tsayar da shi. Ranar da kika yi wa Baba haka a gaban yara, kin ci mitin ɗin ranar, kin kuma rasa ɗakin gaba ɗaya, har waɗanda ke gunaguni a kansa a bakin get. Su da kansu za su ce yarinyar nan ba ta da kunya. Nauyinsa da kike ji daidai ne, kada ki nemi ki rabu da shi.

Ki tambayi kanki me ya sa yake dogon zance. Mutum ne da ya ga farkon kamfanin, yanzu kuma ya waiga ya ga yara masu digiri da kwamfuta sun cika wurin, ana yanke abubuwa ba a leƙo sito ba. Litinin ce kaɗai ranar da shekarunsa ke da daraja a idon jama'a, shi ya sa yake shimfiɗa su duka. In kika samar masa wani wurin da za a saurare shi, nauyin da yake ɗora wa Litinin zai ragu. Ranar Alhamis ki taka da ƙafarki zuwa sito, kada ki aika a kira shi. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Baba, ga abin da za mu tattauna, na ce bari in fara jin ta bakinka." Ki zauna ki sha labarin nan a can. Kuma ki saurara da gaske, don a cikin labaran akwai abin da babu shi a kwamfutar kowa: wane mai mota ne ya taɓa sauke buhuna a hanya ya ce sun faɗi, wane dila ne ke karɓar kaya bashi sai kaka ta wuce a yi ta bin sa, wane lungu ne tirela ba ta shiga in ruwa ya sauka. In ya gama ki ce, "Baba, wannan maganar ta mai motar ita nake so ka faɗa musu ranar Litinin, a taƙaice yadda yaran nan za su riƙe."

Sannan ki roƙe shi alfarma. Ki ce Oga ya ce a dawo da zaman awa ɗaya, ke kuma yarinya ce, ba kowa za ki iya tsawatar wa ba, kina so in ya ga an fara wuce gona da iri ya taimake ki ya ja hankalin mutane. Dattijon da aka ba amanar lokaci da wuya ya zama shi ne mai cinye shi. In ma ya manta ya ɗauko dogon zance, kada ki shiga masa tsakiyar jimla. Ki jira inda ya ja numfashi, ki ce, "Allah ya ƙara girma Baba, wato shawararka ita ce a ba wanda ya yi mana jigila bara. Sakatare, a rubuta." Ki juya nan take ki kira sunan wani ki yi masa tambaya. Kin nuna an ji shi, an rubuta maganarsa, kuma zance ya wuce gaba.

Akwai kuma tsarin da zai yi miki aiki biyu a lokaci ɗaya: ƙanana su fara, manya su rufe. A al'adarmu in babba ya yi magana, yaro ba ya zuwa bayansa ya ce ba haka ba ne. Muddin Baba ko Oga ne ke buɗe batu, to an rufe shi ke nan, sauran sai gyaɗa kai. In kika ce, "Bari mu ji daga waɗanda suka je wurin, sannan Baba ya ɗora mana," kin ba shi matsayin da ya dace da shi, kin kuma ba yaran damar faɗin abin da suka gani kafin ya zama musu da babba.

Su ma yaran ba a ce musu "akwai mai magana?" Wannan tambayar shiru take haifarwa ko'ina. Ki kira sunan direba ki tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani: makon jiya da ka bi ta Pambeguwa zuwa Saminaka, awa nawa ka yi, ina ne hanyar ta fi lalacewa? Ki tambayi yaron da ke zagaya Giwa ko Kachia buhu nawa diloli suka ce suna so, kuma nawa wasu kamfanonin ke sayar musu. Tambaya ce mai amsa, ba ta neman ya yi jawabi. Wanda bakinsa ke nauyi a taro, ki ce ya turo miki saƙon murya kafin Alhamis, ke ki kawo maganar ba tare da kin ambaci sunansa ba in ya fi son haka. Wanda ke can ƙauye ranar, a kira shi a waya a sa a sifika minti biyar. Ba sai kin wahalar da shi da Zoom ba, ga cin data ga matsalar sabis, kuma na kyautar in ya kai minti 40 yankewa yake yi. Ki kula da harshe ma. In da Turanci ake zaman, akwai waɗanda shirunsu na tsoron yin kuskure ne a gaban masu digiri. Kowa ya yi da harshen da ya fi sakewa, ke ki maimaita abin da aka tsayar yadda kowa zai gane.

Abu ɗaya kuma ki tsare shi da ƙarfinki: yaron da ya fara faɗin abin da ba a son ji, kada ki bari a yi masa ca. Sauran suna kallo su ga abin da zai same shi. Haka nan faɗa da tonon silili ba na mitin ba ne. Wanda ya yi laifi a kira shi ofis shi kaɗai.

Maganar makara gajeruwa ce. Ki fara tambaya ko ƙarfe taran ma mai yiwuwa ce. Mai tasowa daga Sabon Tasha ko Barnawa sai ya haye kogi cikin cunkoson safiyar Litinin, na Rigasa da na Rigachikun kowa da tasa hanyar, wasu kuma a safiyar suke dawowa daga Zariya ko Kano. In tara da rabi ce gaskiya, a ce tara da rabi. In Talata ta fi, a koma Talata. Amma duk lokacin da aka tsayar, ki fara a kansa ko da mutum biyar ne, kuma kada ki koma baya don wanda ya shigo daga baya, kada kuma ki yi masa habaici. Yanzu kowa yana zuwa goma ne don ya san ba a farawa sai goma. Ki faɗi lokacin tashi tun a farko, ki kuma tashi a kansa ko da batu ya rage. Zamanku yana kaiwa azahar ne don ita kaɗai ce katangar da ke gabansa. Addu'ar buɗewa da ta rufewa ku bar su yadda aka saba a ofisoshin garin nan, Musulmi ya yi ɗaya Kirista ya yi ɗaya, a taƙaice. Jawabin maraba na shugaba kuwa, tunda ke ce shugabar, ki yafe shi.

Minit ɗin da ke cin rabin awa, sakatare yana rubuta wane ya ce, wane ya mayar ne. Ba a buƙatar wannan. Shafi ɗaya ya isa: abin da aka tsayar, wanda zai yi, ranar da zai gama. A tura shi a ranar kafin a tashi aiki, mai gyara ya turo kafin Laraba, ranar zama a amince da shi cikin minti ɗaya. In batu na da lissafi, kada ki dogara da cewa za su karanta a gida, ba za su karanta ba. A kamfanin Amazon, tun 2004 wanda ya kafa shi, Jeff Bezos, ya hana manyan ma'aikatansa gabatar da batu da PowerPoint, ya ce a rubuto bayani, kuma a can zama yakan fara ne da kowa ya yi shiru ya karanta takarda mai shafi shida. Ku rabin shafi ya ishe ku, da minti uku na karatu, ko wani ya karanto da Hausa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙarshen kowane batu. An yi magana, kowa ya gaji, sai wani ya ce "to za a duba", a wuce. Wa zai duba? Ko a ce a kafa kwamiti, wanda sau da yawa hanya ce ta binne magana cikin mutunci. Kada ki bar batu sai kin faɗa da bakinki kowa na ji: mun tsayar da kaza, wane ne zai yi, zuwa ranar kaza. Suna ɗaya, ba "mu duka" ba, ba "sashen kasuwanci" ba. Shi kuma ya amsa da bakinsa. In ya ce in sha Allahu, madalla, sai ki ce in sha Allahu ranar Laraba, a rubuta Larabar. Ba kuma dole ne sai kowa ya yarda ba. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana da ta yi umarni da a yi shawara, ita ce kuma ta ce idan ka ƙudurta niyya ka dogara ga Allah. Ana jin ta bakin mutane, sannan wani ya yanke. Ki sanar tun farkon batu waye mai yankewar, ke ce, ko akanta, ko sai an kai wa Oga, don kada wanda ba a ɗauki ra'ayinsa ba ya ga kamar an yi masa ƙwace.

Ranar Laraba ki bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, da waya ko da ƙafa: ina aka kwana? Zama na gaba kuma da wannan takardar za a buɗe. Wanda bai yi nasa ba, tambaya biyu ce: me ya tare ka, kuma yaushe? In mutane suka ga abin da aka rubuta yana dawowa ya same su, za su fara tauna magana kafin su ce za su yi.

Sashen nan na ƙarshen ajanda da ake cewa kowa ya kawo abin da ke ransa, ta nan awa guda ke zurarewa. Ki ce mai batu ya turo kafin Alhamis. Amma gunagunin bakin get ɗin nan kada ki raina shi. Akwai alawus ɗin hanya da bai fito ba, akwai tayar da aka daɗe ana cewa za a canja. In kika toshe musu wannan kafar ba ki buɗe wata ba, abin zai koma ciki ya ruɓe. Ki ware zama ɗaya a wata don wannan kaɗai, Oga yana nan, kuma abin da aka yi alkawari a rubuta shi da suna da rana kamar kowane batu.

Kada ki sauke duk wannan a Litinin ɗaya, za a ce kin zo da sabon salo. Makon nan tirela da Oga da Baba. Na gaba ajanda da minit. Raba zaman biyu ya biyo baya, in an fara ganin amfanin na farkon.

Tsoronki na cewa ke za a tuhuma kuwa, takardar nan mai shafi ɗaya ita ce garkuwarki. Duk batun da aka ɗage, a rubuta an ɗage, da dalili, da wanda ake jira. In Oga ya canja abin da aka tsayar, haƙƙinsa ne, kamfaninsa ne, amma a rubuta cewa an canja bisa umarninsa ranar kaza, a tura masa kamar yadda ake tura wa kowa. In kika yi wata biyu a haka ya ƙi yanka muku iyaka, yana kuma ci gaba da mayar da zama farko duk sanda ya shigo, to a lokacin kina da hujjar komawa wurinsa da takardun a hannu, ki ce ko dai ya riƙa jagorantar zaman da kansa ke ki riƙe masa ajanda da bibiya, ko ya sakar miki shi yadda kuka yi magana.